Kyamara Biyu a Filin Fareti

Ni dai ban taɓa riƙe kyamara ba sai ranar da babbar 'yata ta gama koyon aikin kwana-kwana, masu kashe gobara. Ko a ranar ma ba don in ɗauki hoto aka ba ni ba. Ajiya aka ba ni, kamar yadda ake miƙa wa mace jaka ko takalmin yaro a wurin taro. Amma har yau in na tuna abin da ya biyo baya sai in ji fuskata ta ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Sai na fara faɗin yadda muke da yarinyar, in ba haka ba wanda bai san gidajenmu ba ba zai gane ba. Ita ce ta fari a wurina. A inda na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zuba masa ido a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma sai dai wani ya ɗaga shi. Haka na ga an yi wa babban yayanmu, haka ni ma na yi. Da aka yaye ta, surukata, wadda muke kira Inna, ta zo daga Masaka ta goye ta ta tafi. Can ta yi wayo, can ta yi firamare. Ba ta dawo hannunmu a Kurudu ba sai da za ta shiga sakandare, ta kusa kamo ni tsawo. Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ni kuwa in zan aike ta sai in ce "ke", ko in ce wa ƙaninta ya je ya kira waccan.

A ƙauye babu mai ganin aibin wannan, yabo ma ake yi. To amma nan Abuja ce. Yarinya ta tashi tana ganin ƙawayenta suna rataye a wuyan iyayensu mata, ana ɗaukar hoto a waya kunci da kunci. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Ita ma mai shiru ce, ban san inda ta gado ba in ba wurina ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Malama, maƙwabciyata. Mutumiyar Filato ce, Kirista, tana koyarwa a wata firamare. Lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa, ita ke zaunar da ni da yamma tana duba mini rubutu, ba ta taɓa yi mini dariya ba ko da na juya harafi ya kalli baya. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, mun saba har ba ma ji.

Ana saura 'yan kwanaki a yi faretin gama horo, aka ba yarinyar hutun yini ta zo gida. Ta shiga wurin Malama kitso. Ni ina bayan katanga ina tsintar shinkafa, ba saurare na je yi ba, magana ce ta tsallako. Malama ta tambaye ta ko zan je faretin. Sai na ji yarinyar ta yi 'yar dariya, ta ce, "Yaya ko ta je ba za ta gane ni ba. Da hula da kaki? Ai sai dai a nuna mata." Malama ta yi mata faɗa, ta ce ba a faɗin haka a kan uwa. Ta ce ita ba da fushi take faɗa ba, gaskiya ce kawai. Daga nan ta gaya mata cewa an tambaye su inda kowa yake son aiki, ita ta roƙi a tura ta can kudu, nesa, tunda Inna ta tsufa ta koma hannun jikokinta na Masaka, a Kurudu kuwa babu wanda zai ga gurbinta.

Na ci gaba da tsintar shinkafata. Da na duba sai na ga tsakuwar nake mayarwa cikin faranti, shinkafar nake zubarwa. Yarinya za ta bar gari da wannan a ranta, ni kuma ba ni da bakin da zan gyara. In na buɗe baki in ce me? Ban san yadda ake fara irin wannan maganar ba, ba a koya mana ba.

Ranar faretin ƙanena ya zo ɗaukarmu. Shi ne ɗan bokon gidanmu, yana aiki a wata ma'aikata a cikin gari, kuma tun yana yaro in ya so abu sai ya cika kunnen kowa da shi. A lokacin hoto ne ya shiga ransa. Inna, da ta zo daga Masaka saboda faretin, ta zauna gaba, ni da Malama a baya, maigidana da ƙananan yara suka bi motar haya. Tun kafin mu fita kan kwalta aka fara gardamar kyamara.

Tasa baƙa ce, mai nauyi, da jakarta mai aljihu-aljihu. Ya ce sunanta DSLR, ya maimaita mini har na iya faɗa. Da muka tsaya a cunkoson Karu ya sa Malama ta ciro ta, ya murɗe idon gaban ya cire shi ɗungurungum, ya nuna mana wani ɗan madubi a ciki. Ya ce in ka leƙa ta ƙaramar kafar baya, abin da idon kyamarar yake gani shi kake gani, babu ragi. Ya ce ko a ɗaki mai duhu tana fitar da fuska tas, kuma tana iya sa mutum ya fito shi kaɗai, bayansa ya narke kamar an shafa mai.

Ta Malama kuwa in ka gan ta sai ka ce ƙanwar tasa ce, kamanninsu ɗaya amma ba ta kai ta jiki ba. Idonta ba ya cirewa. Wani ɗan ƙarfe ne kusa da madanni, in ka tura shi sai hancinta ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, abin da ke nesa ya taho gabanka. Ta saye ta ne saboda taron matan zumunta na cocinsu, don tana zama a baya ta ɗauki masu waƙa a gaba ba tare da ta tashi ba.

Ƙanena ya ce irin wannan ta masu son a ce musu masu hoto ce, tsaka-tsaki ce, ba ta kai babba ba ta wuce ƙarama. Ya ce abin da ke kama haske a cikinta ɗan mitsitsi ne, da magariba ta yi hotonta sai ya zama kamar an watsa masa yashi.

Malama ta ce, "Oga, naka kamar mota ne da ba taya. Ka saya shi, ka saya ido na kusa, ka saya ido na nesa, ka saya jaka, ka saya mai ɗauka jaka. Ina ido na nesa ɗin yau?"

Ya ce bai sayi na nesa ba tukuna, amma wanda ke kai ya wadatar, ƙafa ai ba ta ƙare ba, in abu ya yi nisa sai mutum ya matsa.

Inna ta ce su dai su yi a hankali kada su ɗauke ta tana hamma. Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma hankalina ba ya wurin.

Filin yana bayan gari, babba ne ƙwarai, ciyawa kore shar saboda damina ba ta gama tafiya ba. An kafa rumfuna ga manyan baƙi, an jera jajayen motocin kashe gobara a gefe. Mu iyaye aka ja mana igiya can nesa aka ce kada a ƙetare. Da masu faretin suka fito, sahu-sahu, kaya iri ɗaya, hula iri ɗaya, daga inda muke babu mai cewa ga mace ga namiji.

Ƙanena ya ɗaga tasa ya leƙa, ya sauke. Ya sake ɗagawa. Sai ya sunkuya zai bi ta ƙarƙashin igiya. Wani mai kaki ya tare shi cikin ladabi ya ce, "Oga, koma baya." Ya nuna katin wurin aikinsa, mutumin ya duba da kyau, ya mayar masa, ya sake cewa ya koma baya. Malama kuwa tura ɗan ƙarfen nan kawai ta yi, hancin kyamararta ya fito a hankali a gefen kunnensa, tana kallon wani wuri kamar ba ita ba. Ƙanena ya ce shi zai zagaya ta ɗaya gefen ya nemi inda ya fi kusa, ya tafi yana share gumi.

Rana ta yi zafi. Inna ta fara cewa ƙasa na juya mata. Maigidana ya kama ta ta hannu ɗaya, Malama ta ɗaya, za su kai ta gindin wata bishiya su nemo mata kujera da ruwa. Yara suka bi su saboda mai sayar da ƙanƙara yana can. Kafin ta tafi Malama ta cire igiyar kyamarar ta rataya mini a wuya. Ta ce in riƙe mata, in ina so ma in leƙa, ga abin turawa. Ta nuna mini madannin da ke sama ta ce in na ga hazo in taɓa shi kaɗan, zai washe. Abin da ta faɗa ke nan, cikin sauri, ta wuce.

Ni kuwa na riga na ga yarinyar. Tun fitowarsu na gan ta, ban gaya wa kowa ba. Lokacin da Malama take ta lalube da kyamara tana tambaya ina take, ina take, ni ƙasa nake kallo, alhali na san sahun da take.

Na waiga dama, na waiga hagu. Babu wanda ya san ni. Matar da ke kusa da ni tana ta ɗaga wa nata ɗan hannu tana kiran sunansa da Yarbanci, ba ta ni take ba. Na ja mayafina ya rufe gefen fuskata, na ɗaga kyamarar, na sa ido a kafar. Da farko sama na gani. Sai ciyawa, sai tayar mota, sai cikin wani babban mutum da maɓallan rigarsa. In na motsa kaɗan sai duniyar duka ta zabura. Na dafe gwiwar hannuna a ƙirji, na riƙe numfashi, na bi sahun a hankali, hula bayan hula.

Sai ga fuskarta ta cika mini ido.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba, karatuna bai kai nan ba. Rabona da in kalli fuskar nan har in ƙoshi tun tana shan nono, shi ma a ɗaki, in babu kowa. Na san tafiyarta, na san bayanta, na san muryarta ta bayan katanga, na san hannunta da ke miƙo mini kwano. Amma fuskar, a sace nake ganinta. Yanzu ga ta kamar in miƙa yatsa in taɓa, kuma ba ta san ina kallo ba, babu wanda ya sani. Gumi na gangaro mata ta gefen kunne. Ta cije leɓe. Girarta ta mahaifiyata ce, ban taɓa lura ba. A ƙarƙashin haɓarta, inda igiyar hula ta bi, akwai wani tsohon tabo, ɗan siriri, wanda ban san ranar da ta same shi ba, ban san wanda ya wanke mata shi ba. Na daɗe a kan tabon nan.

Da sun juya sai ta ɓace mini, in sake nemo ta. Da ta yi hazo sai in danna madannin, ta washe, wani lokaci hoton ya ɗan ƙifta kamar ido sannan ya dawo. Na ɗauka haka yake yi. Ban ji ƙarar komai ba, ashe Malama ta kashe ƙarar tun tuni saboda coci. Ni a sanina kyamara in ta ɗauki hoto tana yin ƙyas kowa ya ji, kamar yadda ta ƙanena ke yi. Don haka na yi ta dannawa da zuciya ɗaya. Na kalle ta tana tafiya, na kalle ta tana sara wa manya, na kalle ta lokacin da aka ce su huta ta saki kafaɗa ta lumshe ido. Da na hango su Malama sun taso, na mayar da hancin ciki, na sauke kyamarar a ƙirjina, na gyara mayafi. Malama ta tambaye ni ko na leƙa. Na ce na ɗan gwada, ban iya ba.

Da aka tashi aka saki igiya, nan kyamarar ƙanena ta samu ranarta. Ya jera mu a gaban wata jar mota, yarinyar a tsakiya, Inna a damanta, ni aka tura hagunta. Ya durƙusa, ya miƙe, ya matso har ina jin ƙamshin turarensa. "Yaya, matso. Yaya, ɗago kai. Ki dafa ta mana." Ga Inna a tsaye, ga maigidana, ga mutane. Wuyana ya ƙi. Na ji kafaɗarta a jikin tawa, kakin da zafin rana, amma na kasa ɗagowa. Ya yi ta magiya har ita ta ce, "Kawu, ɗauka kawai. Haka take." Ya ɗauka.

Mun dawo gida bayan azahar. An yi shinkafa da kaji, maƙwabta sun shigo, ƙawayenta biyu sun biyo ta. Bayan la'asar ƙanena ya ce a zo a ga aiki. Ya jona kyamararsa da talabijin ta wata waya, falo ya cika, Inna a kan kujera mai hannu, yara a ƙasa, ni a bakin ƙofa da tire a hannu.

Hotunan faretin nasa suka fara fitowa, fili da sama da wasu 'yan ɗigo-ɗigo a jere. Ya yi saurin wuce su, Malama tana cewa ya tsaya mana a ƙirga tururuwa. Sai aka zo na bayan fareti. Gaskiya dai a faɗe ta, ban taɓa ganin hoto irin wannan ba. Kowane zare na mayafin Inna ana ganinsa. Motar da ke bayanmu ta narke ta zama ja kawai. Yarinyar ta fito kamar za ta yi magana. Ga ni kuma a gefenta, tas, babu inda ya ɓuya, na karkatar da kai ina kallon ƙasa kamar wadda aka kama da kayan wani. Hoto bayan hoto haka. Hannunta ɗaya yana kafaɗar Inna, ɗayan da ke wajena yana rataye shi kaɗai. Wata ƙawarta ta ce, "Mama ba ta son hoto ko?" Na so in juya in fita, amma na tsaya da tiren a hannu.

Ƙanena ya kalli Malama ya ce to, a kawo ta matan zumunta a gani. Aka jona tata. Na farkon nata ne, ga rumfa, ga mai busa ƙaho da kumatunsa a kumbure, ga ƙanena yana jayayya a bakin igiya, aka yi ta dariya. Sai sama. Sai ciyawa. Sai cikin babban mutum da maɓallansa. Malama ta ce, "A'a, wannan ba ni ba ne."

Na gane cikin nan.

Sai fuskar yarinyar ta cika talabijin. Aka wuce, ita ce. Aka wuce, ita ce. Wani ya yi hazo, wani rabin fuska ne, wani kunne da gumi kawai. Ga ta ta cije leɓe. Ga haɓarta da tabon, sau da yawa, a jere, kamar wanda ya ɗauka ya rasa hanyar fita. Ga ta ta lumshe ido. Babu hoton kowa a tsakani, babu mota, babu manya. Ƙanena ya ci gaba da dannawa yana jiran su ƙare, ba su ƙare ba. Ya ce wa Malama ashe ta iya nema. Ta ce ita ko sau ɗaya ba ta samo yarinyar a cikin sahu ba, tana gindin bishiya tana yi wa Inna fifita. Ta fara cewa, "Ai Mama na ba—" sai ta waigo ta gan ni, ta haɗiye sauran.

Kowa ya waigo. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, ko ranar da aka kai ni gidan miji. Da an shigo mini banɗaki da ya fi mini sauƙi. Abin da na yi a ɓoye cikin mayafi, ga shi a bango, a gaban surukata, a gaban mijina, a gaban yaran da na haifa bayanta, kowa yana ganin inda idona ya je da yadda ya daɗe.

Inna ta gyara zama ta ce, "Ikon Allah. Mu muna can muna suma, ashe wasu kallo suke."

Ba da zafi ta faɗa ba, amma na ji shi har tafin ƙafata. Maigidana ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Ƙanena, Allah ya saka masa, ya so ya rufa mini asiri ta hanyar da ya iya. Ya ce ai ga irin abin da yake faɗa, a duba yashi a hoton, a duba rawa, in aka ja hancin nan har ƙarshe ko numfashi mutum ya yi sai hoto ya lalace, waɗannan ba su wankuwa, a goge su kawai a huta. Malama da ta saba ja da shi, a wannan karon ta ce gaskiyarsa, za ta goge yanzu-yanzu, ta miƙa hannu.

Yarinyar ba ta yi dariya ba tun da aka fara. Tana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Inna, da kakinta har lokacin. Ta ce, "Malama, kar ki taɓa." Ba ta kalle ni ba. Ni dai na ajiye tiren a inda ban sani ba na wuce kicin.

Na tarar da tukunyar da na riga na wanke, na sake zuba mata ruwa. Ina cikin gurza ta na ji an tsaya a bakin ƙofa. Na san ita ce. Ta shigo ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, takalman nan masu nauyi a gabana.

Ta ce, "Yaya, wa ya nuna miki ni?"

Na ce wa tukunyar babu kowa.

"To ta yaya? Mu da yawa ne. Malama ma ba ta gan ni ba."

Na yi ta gurza. Na ji in na bar wannan tambayar ta wuce, ba za a sake yi mini ita ba har abada. Na ce, "Kafaɗar hagu. In aka tsaya, takan sauka kaɗan. Tun ana ƙarama."

Ta ɗaga hannu ta taɓa kafaɗar. Ta ce masu horon sun yi ta yi mata faɗa a kanta, ita ba ta ma san tana yi ba. Can na ji kaina ina tambaya, ban shirya ba, na ce tabon haɓar fa. Ta ce a Masaka ne, tana aji biyu, ta faɗo daga kan turmi tana leƙen tantabarun maƙwabta, Inna ta sa mata toka da man kaɗe, ta hana a gaya mana don kada a ce ba ta iya riƙo ba. Ta ba ni labarin duka, da wanda ya ɗauke ta, da irin kukan da ta yi. Ina ji ina ɗauraye tukunya. Ban ɗago ba, amma ban ce ta tashi ta koma wurin baƙi ba, ita ma ba ta tashi ba har aka kira magariba.

Aikin kudu dai an riga an ba ta, ba a canza ba. Ƙanena ya wanko nasa hotunan manya, aka sa ɗaya a gilashi aka rataye a falo, wanda nake kallon ƙasa a ciki. Kullum sai na wuce ta gabansa. Na Malama kuwa mai wankin hoto ya ce ba za su yi kyau ba in aka faɗaɗa, yarinyar ta ce ya wanke mata su ƙanana haka nan, da masu hazon da masu rabin fuskar, ta zuba su a jakarta. Ban tambaye ta me za ta yi da hoton kunnenta ba.

Na yi makonni ban taka Masaka ba. Da na je, Inna ta bar ni na gama gaisuwa a durƙushe, sannan ta tambaye ni ko na zo da abin leƙen. Matan gidan suka kwashe da dariya, ashe labari ya riga ni. Har yanzu in an yi taron dangi sai wata ta ce a ba Yaya kyamara. Nakan ja mayafi in yi shiru. Ba na jin zai wuce.

Ran da za ta tafi ban raka ta tasha ba, babanta da kawunta suka kai ta. Na ɗaure mata kuka da daddawa da yaji a leda, na ba ƙanwarta ta sa mata a jaka. Ta shigo ɗaki sallama, ta durƙusa, na yi mata addu'a ina kallon tabarma, na tsawaita fiye da yadda na saba.

Da ta yi sati a can sai wayata ta yi ƙara ranar Juma'a da yamma. Ita ce. Ta ce tana son yin miyar kuka, ta manta ko daddawa ake fara sawa ko kanwa. Yarinyar da ta yi shekaru tana yi mana miyar kuka a gidan nan. Na ce ta ɗora ruwa tukuna. Ta ce ta ɗora. Na ce to ta jira ya tafasa, kada ta kashe wayar, zan gaya mata abin da ke biye. Na jawo kujera na zauna, muna jiran ruwa.